Dutsen Malam Isyaku

Kowa a Kano ya san Dala da Gwauron Dutse. 'Yan layin su Malam Isyaku a Gyadi-Gyadi kuwa sun san dutse na uku, kuma a tsakar gidansa yake. Da hannunsa ya gina abinsa. Tifa biyu ta jar ƙasa ya sa aka juye masa, ya riƙa tsinto duwatsu daga inda ake rushe gini, ya jera su hawa-hawa har hawa uku, kowane hawa da ɗan bangonsa na dutse ba siminti. A kan kowane hawa ya dasa tushen inabi ɗaya, ya kafa masa rumfar waya. Dutsen bai wuce ƙirjin mutum a tsawo ba, amma ya cinye rabin tsakar gidan har da ɗoriya.

Malam Isyaku ma'aikacin jinya ne a sashen ƙashi na asibitin koyarwa. Shekara talatin ya yi yana naɗa wa mutane filasta yana juya marasa lafiya kafin ya yi ritaya. Ana saura shekara biyu ya ajiye aiki aka tura shi kwas na wata huɗu a wani ɗan kwari can arewacin Italiya, tsakanin manyan duwatsu masu farin kai. Bai yi yawo ba, don ba ya jin yarensu, kuma shi ba mutumin yawo ba ne ko a gida. Daga ɗaki sai asibiti. Amma ta tagar ɗakin marasa lafiya yana hango abin da bai taɓa mantawa ba: an sassaƙe jikin dutse matakala-matakala tun daga gindi har inda ido ke gajiya, kowace matakala da layin inabi, nonnansa, wato curin 'ya'yan, baƙaƙe sun yi reto. Mutanen wurin suna hawa da kwando a baya kamar tururuwa.

Daga kan irin matakalar nan wani tsoho mai suna Batista ya faɗo ya karye a cinya. Malam Isyaku ya yi mako bakwai yana jinyarsa. Ba wanda ke jin maganar wani, sai nuni da dariya, amma sun shaƙu. Ranar da zai taho gida, 'yar tsohon ta zo da wasu 'yan sandunan inabi na dasawa a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Tsohon ya rubuta sunan irin a takarda, ya nuna dutsen ta taga, ya tattara yatsunsa ya sumbata, sannan ya ɗaga hannu kamar mai riƙe da kofi. Malam Isyaku ya gane nan take, ko kuma ya ɗauka ya gane: ruwan inabin nan daɗi gare shi. Ya rungume tsohon da ƙwalla a idonsa. Tun daga ranar yake ganin duk cikin abin da ya samu a shekara talatin na aiki, babu kyautar da ta kai wannan.

Da yake a kan matakala ya ga inabin, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa matakala yake so. Kano kuwa shimfiɗe take kamar faranti. Dalilin dutsen ke nan.

Inabin ya kama, ba laifi. Ya yi ganye, ya ƙara ganye, ya rufe rumfa, ya tsallaka katanga yana leƙen gidan maƙwabta. Malam Isyaku yana ba shi ruwa safe da yamma, ko a watan da famfo ya ɗauke sai an sayo wajen 'yan garuwa. Ya zuba kashin kaji, ya zuba takin awaki. Ko ganye ɗaya bai yarda a tsinka ba. Shekara takwas ana haka, ko ɗa ɗaya bai gani ba. A majalisar ƙofar masallaci idan ya iso sai a ce, "Mai dutse ya sauko. Ya labarin ƙanƙara a can sama?" Shi kuma ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Sai su ce ai dutsen an gani, romon ake jira.

Wadda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya ita ce matarsa, Hajiya Binta. Ita ke share ganye kullum. Igiyar shanyarta ta koma lungu, murhunta na taro ya rasa wurin zama, idan ƙawayenta sun zo sai a takure a jikin bango. Jikokinta biyu sun taɓa faɗowa daga hawa na biyu. Ba mai faɗa ba ce, amma ta iya ajiye magana inda za a yi tuntuɓe da ita. A ƙarshen daminar bana ta ajiye masa ita a fili, yana shan koko.

"Malam, ni na haƙura iyakar haƙuri. Bana ina so in yi kunun sadaka da ƙosai a tsakar gidana kamar kowace mace. Idan azumi ya kama abin nan bai yi 'ya'ya ba, a kwashe mini shi, ƙasa da dutse da ganye."

Ya dube ta, ya dubi dutsen. Ya san tana da gaskiya, kuma ya san a shekara takwas ba ta taɓa cewa a kwashe ba sai yau.

"Na yarda," ya ce. "Idan an ga wata bai yi ba, da hannuna zan sare."

Ya faɗa da bakinsa, amma ranar kokon bai ƙare ba.

Bayan mako biyu Hajiya Binta ta dawo daga kasuwar Tarauni da buhun gero a adaidaita sahu. Mai adaidaitar wani magidanci ne kakkaura mai furfura a gemu, Audu sunansa. Ya ɗauko mata buhun har ciki, ya dire, ya ɗago kai, sai ya tsaya turus. Ya zagaya dutsen sau ɗaya, ya murza ganye, ya duba ƙarƙashinsa.

"Baba, wannan ai inabi ne. Shekararsa nawa?"

"Takwas," in ji Malam Isyaku, yana jin daɗin an gane.

"Sau nawa ya yi 'ya'ya?"

Hajiya Binta ce ta amsa daga bakin kicin. "Tambaye shi dai."

Audu ya ce shi mutumin wajen Hunkuyi ne, shekara tara ya yi yana aiki a gonar inabi kafin ya shigo Kano neman abinci. Ya tambayi yaushe aka yi wa wannan aski na ƙarshe.

"Aski?"

"Aski, Baba. A datse rassan, a tsige ganyen tas, a hana shi ruwa. Ƙwal-kwabo ake masa."

"Subhanallahi. Ko ganye ɗaya ban taɓa cirewa ba."

"To ai shi ya sa. Ka sangarta shi. Yana ci yana sha yana kwance a inuwa, me zai sa ya haihu? Can ƙasarsu an ce sanyi ke kakkaɓe masa ganye ya kwantar da shi, idan ya farka sai ya fito da fure. Mu nan ba mu da wannan sanyin, almakashi ne sanyinmu." Ya ɗan daki bangon hawa na farko da ƙafa. "Wannan ginin kuma na mene ne?"

Malam Isyaku ya yi masa bayanin matakalun da ya gani. Audu ya yi ƙoƙarin riƙe fuskarsa don girman mai gida, amma abin ya fi ƙarfinsa.

"Baba, su fa fili ne ba su da shi, sai dutse, dole su sassaƙa. Kai da Allah ya ba ka ƙasa a shimfiɗe ka je ka sayo dutse? Mu a Hunkuyi a fili fetal muke shuka shi."

Hajiya Binta ta juya. Ta shiga kicin, ta rufo ƙofa, amma har zaure ana jin dariyarta.

Kwana uku Malam Isyaku yana juya maganar. Idan ya bar inabin yadda yake, ya san abin da zai samu, ganye. Idan ya bi ta Audu, wataƙila ya kashe shi da hannunsa tun kafin wa'adi. A rana ta huɗu ya kira lambar da Audu ya bar masa. Audu ya zo da safe kafin ya fita aiki, da almakashin lambu a aljihu, amma ya ƙi taɓa ko reshe ɗaya.

"Kai za ka yi, Baba. Ni nuni kawai zan yi. Baɗi ba lallai ina Kano ba."

Mutumin da ya sha tsayawa a ɗakin tiyata ana yanke ƙafa bai ko ƙifta ido ba, ga shi yana fargabar datse reshen inabi. Audu yana ƙirga masa ido, wato inda toho ke fitowa, a jikin reshe, ɗaya, biyu, har biyar, ya ce nan. Ya datse. Ya ce nan. Ya datse. Kafin hantsi rumfar ta zama waya tsirara da 'yan sanduna, ganye ya yi tsibi har gwiwa, rana ta sauko tsakar gidan karo na farko cikin shekaru. Malam Isyaku ya zauna a hawa na ƙasa. Tausayin itacen ya kama shi sosai, har yana jin kamar ya ci amanar tsohon da ya ba shi.

A majalisa aka ce dutse ya yi sanƙo.

Kwana goma sha biyu ba ruwa, ba motsi. Kullum da safe sai ya hau ya kankare ɓawon reshe da farce ya ga ko da sauran kore. A rana ta goma sha uku Audu ya ce a ba shi ruwa ya ƙoshi. Bayan mako ɗaya idanun suka kumbura, suka fashe, ganye ƙanana masu gashi-gashi suka fito. A tsakaninsu ga wasu 'yan abubuwa curi-curi kamar kan gero bai fita daga ciki ba. Malam Isyaku ya ɗauki hoto ya tura wa Audu. Amsar ta zo da murya, ana jin ƙarar titi a bayanta: "Baba, barka. Wannan ba ganye ba ne."

Nono goma sha tara ya ƙirga. Suka yi kore, suka yi ja-ja, suka koma baƙi da farin gari-gari a jiki. Sai dai 'ya'yan ƙanana ne, ba su kai rabin na kanti ba, kuma a cushe suke. Audu ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba, amma kada a yi gaggawa, a bar shi ya nuna har sai ƙwallon ciki ya yi duhu. Malam Isyaku ya ɗaure bai ɗanɗana ba. Ya sa rana: Juma'a, ana saura kwana huɗu azumi. Zai yanka, ya kai nono biyu majalisa, ya ajiye a gabansu, ba zai ce komai ba.

Ranar Alhamis da hantsi autarsu Rukayya, wadda ke karatun jinya, ta dawo daga makaranta ta tarar da shi yana fito da tsofaffin takardu. Takardar Batista yake nema, don yana so idan an tambaye shi sunan irin gobe ya faɗa daidai. Ya miƙa mata ta karanta masa.

"Bari in duba a waya, Baba, har yadda ake furta shi za mu ji."

Ta rubuta. Hotuna suka fito, ya matso da tabarau. Ga kwarin nan, ga matakalun, ga mutane da kwanduna, har zuciyarsa ta buga don murna. Ta ja hoton sama. Sai ga kwalabe a jere, da kofunan gilashi masu dogon wuya, da jan abu a ciki. Rukayya ta ci gaba da karantawa, fuskarta tana canzawa.

"Mene ne?"

"Baba... sun ce wannan irin ba na ci ba ne. Ba a kai shi kasuwa a matsayin kayan marmari. Giya kawai ake yi da shi, jar giya. Wai duk kwarin da ita aka san su."

Malam Isyaku ya san ana yin giya da inabi, wa bai sani ba? Abin da bai taɓa zuwa masa a rai ba shi ne akwai inabin da ba shi da wata sana'a sai ita. Sai hannun tsohon ya dawo masa, ɗage da kofin da babu. Ashe ba lemo ake nufi ba. Shekara takwas yana alwala ya juya ya shayar da itacen giya, ya matse matarsa a lungu saboda shi, ya ba da labarinsa a ƙofar masallaci ya fi sau ɗari. Kunya ta rufe shi, kuma a ƙarƙashin kunyar akwai wani ciwo da ya fi ta: ko tsohon ya san Musulmi ne ya yi masa haka don wasa?

"Kada ki gaya wa kowa," ya ce. Ya ninke takardar.

Bai ci abincin rana ba. Ya je azahar ya dawo, ya je la'asar ya dawo bai tsaya a majalisa ba. Ya shiga ɗakin ajiya ya fito da adda, ya zauna a bakin famfo yana wasa ta a hankali. Da ya gama ya hau hawa na farko ya tsaya a gindin tushen.

Hajiya Binta tana tankaɗe a bakin kicin. Rukayya dai ba ta ɓoye wa uwarta komai, ba ta kai azahar da maganar a ciki ba.

"Malam, me za ka yi da adda?"

"Abin da kika daɗe kina so. Gobe a kira masu baro su kwashe ƙasar. Kin samu tsakar gidanki."

"Yaya muka yi da kai?"

"Mun yi idan bai haihu ba in sare."

"To bai haihu ba ne?"

"Binta, itacen giya ne." Ya nuna tushen da addar. "Giya na dasa a gidana."

Ta ajiye rariya, ta karkaɗe zaninta, ta taso. Ba ta cika hawa dutsen nan ba saboda gwiwa, amma ta dafa bango ta hau ta tsaya kusa da shi.

"Jiya da dare me ka ci?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ka dai faɗa."

"Tuwon dawa."

"Da me ake burkutu?"

Ya dubi addar da ke hannunsa.

"Da dawa ake yi, Malam. Dawar da ke rumbun liman, ita ake fitar wa zakka, ita ake kai wa mai jego. Ka taɓa jin wanda ya sa wa gonarsa wuta don wasu suna jiƙa irinta su tsima? Kai da ka yi karatu. Ka matse ne? Ka tsima ne? Ko tukunya ka ajiye a bayan ɗaki ban sani ba?"

"Mutane za su ce..."

"Shekara takwas suna cewa, ba ka fasa ba. Yau ne za ka ji kunyarsu?" Ta miƙa hannu ta kama ƙotar addar, bai hana ta ba. "Shi kuma tsohon naka, na san shi ne ke cin ranka. Mutumin da ya karye a kan abin nan yana da shekara saba'in da wani abu, kana ganin da shi zai yi wasa? Abin da ya fi so a duniya ya yanko ya ba ka. Ba shi da dabino, ba shi da goro. Da me kake so ya gode maka?"

Malam Isyaku ya dubi nonnan da ke reto a saitin fuskarsa. Idonsa ya cika, bai ɓoye ba.

"Kunun sadakar fa?" ya ce. "Da murhunki?"

"Zan yi a lungun da na saba. Ni na share ganyen abin nan shekara takwas ba ko sisin lada, yanzu da ya fara biya za ka sare? Ba da ni ba." Ta sunkuya ta ɗago wani nono na can ƙasa wanda ganye ya rufe. Gefe ɗaya nasa duk an tsige, sai tsinke. "Kuma idan haramun ne, to ka makara. Kwana shida ke nan ina ci."

Ya buɗe baki yana kallonta.

"Ɓawon da kauri, ƙwallo ya yi yawa," ta ce. "Amma wallahi na kanti ruwa ne a kansa."

Ta tsinko ƙwaya ɗaya, ta goge a gefen mayafinta, ta miƙa masa. Ya karɓa ya riƙe ta a tafin hannu, 'yar ƙarama, baƙa, da ɗumin rana a jikinta.

"Ka yi bisimilla mana," in ji Hajiya Binta. "Ko shi ma sai na yi maka?"

Ya yi bisimilla, ya sa a baki. Ya tauna a hankali. Sannan ya share ido da bakin hannun riga, ya ce ta ƙaro masa ɗaya.